Kujerun Da Ba A Wanke Ba

"Tashi ki ɗauko min ruwa a firji, ƙanwata."

Yayar saurayina ce ta faɗa, tana murmushi. Ma'aikaciyar jinya ce. Ita ta zaunar da ni a kan kafet, wai an wanke kujerun ba su bushe ba. Ranar ce ya fara kai ni gidansu, a hawa na uku.

Na dubi firjin, na dubi ƙafafuna.

Shekara biyu ke nan ba na iya miƙewa daga ƙasa sai na dafa gwiwoyina, in bi cinyoyina da hannu har in tsaya. Likita ya ce ciwon gado ne, naman jiki ke ta raunana a hankali, ƙarshensa keken guragu. Wallahi na yi niyyar gaya masa. Kullum sai in ce gobe, don ina sonsa kamar raina.

Na kalle shi ko zai ce bari ya ɗauko. Gogan naka ya duƙufa a kan waya.

Na dafa ƙasa... na dafa gwiwa... na miƙe da ƙyar.

"Ka gani ko?" in ji yayar. "A asibiti haka muke gane su. Mu zaunar da mutum a ƙasa, mu ce ya tashi."

Ta koma ta zauna daram a kujera, busasshiya ƙarau.

Mahaifiyarsa da ke zaune a gefe ta taɓe baki. "Jinya ka kwaso mana ke nan. Jikokina ma su zo a haka? Allah ya kiyaye."

"Masoyi..." Na juya gare shi. "Ka san za ta yi min wannan?"

"Ni na roƙe ta."

"Kai?"

"Na lura da yadda kike hawa bene. Ɗazu ma da na ce miki lif ɗin hawa bene ya lalace, lafiyarsa ƙalau. Ina bayanki ina kallo."

Ni kuwa wawuya, a kan matakalar nan har daɗi nake ji, wai yana tsare min baya kada in faɗi.

"Me ya hana ka tambaye ni?"

"Ke me ya hana ki faɗa?"

"Tsoron in rasa ka."

"To kin ga ai tsoron naki ya yi gaskiya." Ko ɗago kai bai yi ba. "Ba zan ƙare ƙuruciyata ina tura keke ba. Ki ajiye zoben alkawarin da na ba ki a tebur."

Na zare shi a hankali. Ban kai shi tebur ba, na sake shi a ƙasa, ya gangara ƙarƙashin kujerar yayarsa.

"Kai mai lafiya, sunkuya ka ɗauka."

Na fita. Ban shiga lif ba, matakala na bi, ɗaya bayan ɗaya, ina riƙe da ƙarfen gefe. Ba zan ɓoye ba, jinkiri nake da gangan, kunnena na baya ko zan ji takunsa.

A matakala ta bakwai na ji an murza mukulli, an kulle ƙofar.