Rabon Minista

Ƙarfe biyu na ranar Lahadi aka bugo wa Sufeto Amegan waya, yana tsakiyar cin tuwon masara. Wai mutum ya faɗi ya mutu a Keken Baba, gidan abinci da mashayar nan ta unguwar Tokoin, cikin birnin Lome. Ya yi tsaki, ya wanke hannu, ya ce wa Kofur Yawovi ya tayar da mota.

Keken Baba wurin 'yan gayu ne. A da shagon tela ne, shi ya sa teburansa duk kekunan ɗinki ne da aka ɗora wa katako, tsofaffin almakasai na reto a saman kan masu cin abinci. Haɗe-haɗen barasarsu ma sunayen tsiya gare su: akwai Surukata Ta Iso, akwai Albashi Ya Ƙare.

Gawar na kwance a gefen teburin lungu, kumfa a baki. Fo Elom ne, ƙanen mai wurin. Gasasshen kifinsa da soyayyar doya ko taɓawa bai yi ba. A kofinsa saura rabi, haɗin sodabi, barasar nan ta gargajiya, da madarar kwakwa da ta gwangwani. Kusa da ƙafar tebur akwai ɗan farin ruwa a ƙasa, ƙudaje sun mutu a ciki.

"Kofin ne ya zube?" Sufeto ya tambayi Papa Kosivi, tsohon da ke kai wa baƙi abinci.

"Shi ya zuba, yallaɓai. Duk Lahadi sai ya zuba wa marigayi babansu kurɓin farko a nan, inda keken tsohon yake a da, sannan ya sha."

Sai ga mai wurin, Da Mawusi, wato Yaya Mawusi a yarensu, ta fito daga kicin hannu a ka tana kururuwa. Ta nuna wata matashiya da ke rakuɓe bayan kanta.

"Ita ce! Esenam ce ta haɗa masa! Na ɗauko ki daga titi, ki kashe mini ƙane?"

Kofur ya zazzage jakar Esenam. Tsakanin tsummokin jariri wata 'yar kwalbar maganin ƙwari ta gangaro. Ko buɗe baki ba ta yi ba ya ɗauke ta da mari, ya buga mata ankwa. Jaririnta ɗan wata huɗu na barci kan tabarma a bayan kanta. Nan aka bar shi, aka ja uwar, nono na jiƙa mata riga, masu cin abinci suna ɗaukar ta hoto da waya. Ko mutum ɗaya bai ce a tsaya ba.

A ofis, Sufeto ya ajiye kwalbar a gabanta.

"Ke kika haɗa?"

"Ni na haɗa, yallaɓai."

"Ke kika kai masa?"

"A'a. Yarona ya yi kuka, na ajiye kofin kan kanta na zagaya na ba shi nono. Da na dawo an riga an ɗauka. Kwalbar nan ban taɓa ganin ta ba. Don Allah ku bar ni in je, tun rana bai sha ba."

"Gobe za ki yi wa alƙali wannan bayanin," in ji Sufeto. Ya sa aka mayar da ita sel.

Amegan ba mai tausayi ba ne, kowa ya san haka. Amma ya tsani a raina masa hankali. Wace irin sakara ce za ta kashe mutum, sannan ta adana kwalbar a jakarta? Wajen la'asar ya koma Keken Baba. Ya tarar da Papa Kosivi yana jijjiga jaririn, yaron ya yi kuka har muryarsa ta dishe.

"Kai ka kai kofin?"

"Ni ne. A kan kanta na same shi."

"Me ka gani yau wanda ba ka saba gani ba?"

"Ba komai. Sai dai Minista bai zo karɓar rabonsa ba."

"Wane minista?"

"Muzurunmu, yallaɓai. Mashayi ne na ƙin ƙarawa. Da zarar Fo Elom ya zuba wa Baba, shi ke lashewa tas, baƙi na tafa masa. Shekara shida bai taɓa fashi ba. Yau tun safe nake jin kukansa a sito."

"Wa ya kulle shi?"

"Makullin sito ɗaya ne." Tsohon ya sunkuyar da kai.

Sufeto ya raɗa masa wata magana a kunne, sannan ya shiga kicin. Da Mawusi na zaune, idanu jajur, makulli na rataye a wuyanta. A bayan hannunta akwai sabon yagi, layi uku.

"Da, ina kike lokacin da aka haɗa kofin?"

"Ina nan ina gasa kifi. Ban leƙa waje ba."

"Hannun fa?"

"Ƙayar kifi ce."

"Muzurun fa, me ya yi aka kulle shi?"

"Ɓeraye ne suka dame mu a sito."

"Ranar Lahadi? To, buɗe shi. Ina son in gaida Minista."

Ta buɗe. Wani ƙaton baƙin muzuru ya fito da gudu, kai tsaye ya nufi teburin lungu, inda tuni aka goge ƙasa. Papa Kosivi ya miƙo wa Sufeto kofi, rabi da farin haɗi.

"Ragowar na marigayi ne," in ji Sufeto. "Likita sai jibi zai ba mu sakamako, ni kuwa ba ni da haƙuri. Minista zai gwada mana."

Ya tuttula kaɗan a ƙasa. Muzurun ya miƙa wuya.

"Kar ka sha!" Da Mawusi ta yi tsalle kamar ƙaramar yarinya, ta sure muzurun ta ƙanƙame. "Mugu! Dabba me ta yi maka?"

"Madara ce zalla, Da." Sufeto ya kurɓi sauran ya ajiye kofin. "Yanzu kam kowa ya san da guba. Da safe fa, da kika kulle shi, wa ya gaya miki?"

Kukan nan nata na ɗazu ya ɗauke ɗif, kamar an rufe famfo. Ta zauna tana shafa bayan muzurun.

"Shekara goma sha tara ina tsaye gaban garwashi," ta ce. "Ni na mayar da shagon nan abin da kuke gani. Baba ya bar wa Elom gidan don shi ne namiji. Ranar Laraba ya ce in kwashe tukwanena kafin ƙarshen wata, zai rushe ya yi wurin wankin mota. Kuma ya zo yana zuba wa Baba barasata."

"Esenam fa? Me ta yi miki?"

"Ba ta yi mini komai ba. Jakarta ce a kusa."

Ana fito da Da Mawusi da ankwa, motar ofis ta sauke Esenam, kunci a kumbure, ido ɗaya a rufe. Ta ruga ta karɓe ɗanta, ta zauna a dandaryar ƙasa ta sa masa nono. Kofur Yawovi ya kau da kai, ko haƙuri bai ba ta ba.

A bakin ƙofa Da Mawusi ta tsaya ta waiwayo. Papa Kosivi ya ɗago, yana zaton gafara za ta nema.

"Esenam," ta ce, "in kin gama da wannan, ki ɗuma wa Minista madara. Ba ya son mai sanyi."

Sufeto ya tura ƙeyarta cikin mota ya rufe ƙofa.