Ruwan Zafi a Gindin Bishiyar Ceri

Ku matso ku ji, 'yan nan. Bara na je wurin 'yata Sadiyya a garin Lanham, kusa da Washington, aka ce lokacin furen ceri ne, duk baƙon da ya zo Washington sai an kai shi bakin ruwa ya gani. Muka tafi da jikata Haula, 'yar ƙarama da ita. Bishiyoyi sun yi fari fat, jama'a sai ɗaukar hoto suke.

Da magariba ta kawo jiki Sadiyya ta tafi ɗauko mota. Ni kuwa na ga ragowar ruwan zafi a fulas, na tuttular a gindin wata tsohuwar bishiya, ko bisimilla babu. A Kano wallahi ba zan yi haka ba, amma na ɗauka ƙasar Turawa babu mutanen ɓoye.

Iska ta tsaya cak. Wata doguwar mata ta fito daga bayan bishiyar, mayafinta na ɗigar ruwa, tana warin laka. Fure na zuba a kan kowa, ban da ita.

"Ke baƙuwa," ta ce da Hausa, "a garinku haka ake yi? Ɗana na barci kika ƙona masa baya."

"Baiwar Allah, ki yi haƙuri, ban gani ba."

"Za ki gani."

Idonta na kan Haula, ba ya ko ƙiftawa.

Na fizgo yarinyar zan gudu, sai ta tsala ihu. Na ɗaga rigarta. Bayanta duk ya yi bororo, yana tururi.