Gwiwar Rezida

A filin ƙanƙara na wani babban kanti a Alƙahira Sagiru ya fara ganinta. Injiniya ne, aikinsa ya hana ƙanƙara narkewa a garin da rana ba ta da imani. Ita kuwa tana koya wa 'yan mata sulɓi a kai, tana ɗan ɗingishi.

"Ƙanƙararka ta yi taushi," ta ce da Larabci mai kaushi.

"Ma'alish, yi haƙuri. Ke ta gani ta narke."

"Injinka ne ya lalace."

Ya je ya duba, gaskiyarta ce.

Sunanta Rezida, Musulma daga Kazan ta ƙasar Rasha. Shekara bakwai tana tsaron raga a hokin ƙanƙara na mata, wasan da gola ke zubewa kan gwiwoyi ta tare faifan roba mai gudun harsashi. Gwiwarta ta dama ta yage, aka yi aiki, likitoci suka ce ta warke. Ita ce ba ta yarda ba. Shekara biyu ba ta durƙusa ba, salla ma a kujera take yi.

Bayan wata shida ya kai ta unguwar Mohandessin wurin mahaifiyarsa, Hajiya Fatu. Ya koya mata "ina wuni" da "lafiya lau", ya manta abu ɗaya da ya fi su duka. Rezida ta tsaya ƙyam ta miƙa wa Hajiya hannu.

"Sagiru, falwaya ka kawo mini?" in ji Hajiya da Hausa. "Fauziyya 'yar aminiyata tun daga bakin ƙofa take durƙusawa. Khalas, magana ta ƙare."

Washegari ya tura saƙo: "Ƙanƙarata, laifina ne. A wurinmu da gwiwa ake gaida manya. Zan yi mata bayani."

Ta amsa: "Kar ka nema mini tausayi, Sagir. Tsohuwar ƙungiyata ma ta kira ni gwaji watan gobe. Kowa gwiwata yake so, ni kuma tsoronta nake ji."

Bai yi mata wa'azi ba, abin da maza kaɗan ke iyawa. Ya ari sandar hoki, kullum da sassafe kafin a buɗe kanti yana buga mata faifai ƙasa-ƙasa. Mako uku faifan na wucewa ta tsakanin ƙafafunta, ba ta zube ba.

Ranar Juma'a ta cire hular kwano ta ce, "Faifai ba zai sa ni durƙusa ba. Yalla, kai ni wurin Hajiya."

Ta shiga falo, ta ja numfashi, ta durƙusa yadda ta iya kaɗai: gwiwa biyu a lokaci guda, ƙafafu a baje, hannuwa a buɗe. Tim! Kofunan shayi suka yi ƙara.

"Innalillahi! Gaisuwa ce ko girgizar ƙasa?"

"Ina wuni, Mama," ta ce, tana dariya tana hawaye. Gwiwar ta riƙe.

Sai a lokacin Sagiru ya faɗi labarin aikin da aka yi wa gwiwar. Hajiya ta shafa gwiwar ta ji tabon a ƙarƙashin riga.

"Da wannan ƙafar kika zube mini, 'yata? Kai kuma sakarai, bakinka ciwo yake?"

Rezida ta ci gwaji. A wasanta na farko an buga mata talatin da ɗaya, ta tare talatin da ɗaya. Hajiya na kallo a waya tana ihu, "Zube, 'yar albarka, zube!"

An ɗaura aure a Alƙahira da hutun bazara, liman Bamisire, waliyyi Batatare ɗan ƙabilar amarya. Da amarya ta nufo surukarta, Hajiya ta yi wuf ta tare ta.

"Tsaya a tsaye! Gwiwar nan ta aiki ce."

Allah ya ba su zaman lafiya da zuriya ɗayyiba, ya kuma nesanta ranar da ɗayansu zai dafa shayi kofi ɗaya.