Ƙusar da ke Saman Allon Kwamanda

Ranar da Orla ta fara ganinsa, yana kan tsani a jikin bangon shagonsu, ya sauke allon farashin kifin mahaifinta ya rungume kamar nasa.

"Malam, wa ya aike ka?"

Ya waiwayo, yayyafin birnin Cork na ƙasar Ailan yana ɗiga daga gashinsa. "Ƙungiyar tarihi. Sunana Ramiro, maƙerin tagulla daga Sifen. An ce in goge allon nan, sai na tarar kifi ya rufe masa fuska."

Ta so ta ɗaure fuska, dariya ta ƙwace mata.

Duk layinmu an san zancen. A bangon akwai allon tagulla na tunawa da wani kwamandan Sifen da ya zo da jiragen ruwa shekaru ɗari huɗu da suka wuce don taya mutanen Ailan yaƙi. Da abin ya ƙi, ya sasanta da Ingila ya koma gida. Baba Fergal Twomey, mahaifin Orla, bai taɓa yafe masa ba, sai ka ce a gabansa aka yi. Shekara talatin ke nan da ya kafa ƙusa a saman allon, kullum yana rataye farashin kifi a kai.

Aikin kwana biyu Ramiro ya ja shi har mako uku, kuma ba wanda ya yarda tsatsa ce ta riƙe shi. Orla kan fito masa da shayi, ta tsaya riƙe masa tsanin da ko motsi ba ya yi.

"Kwamanda, ka ci abinci?" ta rubuto masa a waya wata rana.

"Sarauniyar kifi, na ci. Amma tunda ba ke kika miƙo ba, ban ƙoshi ba."

Da maganar soyayyarsu ta kai ga Baba Fergal, ya ajiye wuƙa ya nuna bango da haɓa. "'Yata, ba ƙinsa nake ba. Mutanen nan sun iya zuwa, zama ne ba su iya ba. Ga shaida nan a rubuce. Sanyi na kama shi zai tuna da ranar garinsu, ko ya bar ki, ko ya tafi min da ke."

"Baba, laifin mutumin da ya mutu tun kafin kakan kakanka za ka ɗora masa?"

"Barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe."

Akwai kuma Declan, direban da ke kawo kifi, wanda ya daɗe yana kewaye Orla ba ta ko kallonsa. Shi ya shigo wata safiya bakinsa har kunne. "Baba, na ga ɗan Sifen ɗinku a tasha da akwatuna. Ɗakinsa ma ya mayar da makulli."

Orla ta duba waya, ta ga saƙon Ramiro. "Sarauniyata, zan je gida, akwai abin da sai na yi da kaina. Ki jira ni."

Ta kashe wayar. Abin da ya fi yi mata ciwo shi ne mahaifinta bai ce "na faɗa miki" ba. Shayi kawai ya haɗa mata, ya zuba sukari fiye da kullum. Kwana tara tana yankan kifi tana kuka, tana cewa ƙanƙara ce ke sa mata hawaye.

A rana ta goma wata tsohuwar mota ta tsaya a gaban shagon da ya daɗe a rufe, daura da nasu. Ramiro ya fito, ya buɗe wa wata dattijuwa ƙofa, sannan ya fara sauke guduma da uwar maƙera da buhunan kayan aiki.

"Baba Fergal, ga mahaifiyata, ta zo nema min aure. Waɗannan kayan marigayi mahaifina ne. Na kama shagon nan da ɗakin sama. Wanda zai gudu ba ya ɗauko uwar maƙera."

Orla ta fito da rigar aiki, ta doke shi a ƙirji. "Kwana tara, Kwamanda!"

"Saƙo arba'in na turo, sarauniyata. Ke kika kashe waya."

Baba Fergal ya gwada ɗaga uwar maƙerar, ko gezau ba ta yi ba. Ya daɗe yana kallon saurayin. "Yaro, ka iya cire ƙusa?"

"Na iya, Baba."

"To bar ta. Ni na kafa ta."

An ɗaura auren a watan Yuni, har Declan ya zo ya ci ya yi rawa. Da aka fito daga coci aka biyo ta layi, tsohon ya hau tsani da kansa, ya zare ƙusar, ya goge allon da hannun rigar bikinsa.

"Kwamanda," ya ce wa tagullar, "ka yi jinkirin shekara ɗari huɗu, amma ka aiko wanda ya zauna. Na yafe."

Ya sauko ya danƙa ƙusar a tafin Ramiro, ya ɗora hannun Orla a kai. "Allah ya ba ku zaman lafiya, ya sa ku tsufa a layin nan ina ganinku ta taga."

Muka amsa da amin gaba ɗaya.