Sabis a Kan Mangwaro

"Baba! Buɗe ido mana, Baba!"

Hadassah ta girgiza mahaifinta, Baba Elisha, yana kwance a tsakar gidansu na Kakau, gumi sharkaf. Ciwon sugansa ne. Asibitin unguwa ba likita, sai dai a ga wata ta bidiyo, ita kuwa 'yar waya mai tocila gare ta.

Babbar wayar da aka yi wa Baba rajistar ganin likita da ita ta Chukwuemeka ce, makanike a Sabon Tasha. Shi Baba ya kora da sanda ranar da ya zo neman aurenta, wai 'yarsa ba za ta tafi gabas ba.

Ta kira shi.

"Emeka... ni ce."

"Ba ƙawarki Diana ta ce an sa ranarki da wani ba?"

"Ƙarya take, kai take so! Masoyina, Baba zai mutu..."

Ƙit! Ya kashe.

Ta durƙusa tana rusa kuka. Shi ke nan, ta rasa biyu.

Can sai ga ƙarar babur. Emeka ne, duk baƙin mai, yana ɗaga waya sama.

"Chineke, Allahna! Babu sabis na bidiyo!"

"Sai a kan mangwaro!" in ji Hadassah, tana nuna bishiyar tsakar gidan.

Ya ɗare bishiyar har ƙoli, tururuwa na cizonsa, yana kwaɗo maganar likita.

"Ta ce ya ci abinci bayan allurar suga?"

Hadassah ta sunkuyar da kai.

"Azumi yake... wai Allah ya raba ni da kai. Amma ya yi allurar."

Emeka ya faɗa wa likita. Reshe ya motsa.

"Sugansa ne ya faɗi! Kar ki ɗura masa ruwa! Shafa masa zuma cikin kumatu, maza!"

Ta shafa, tana kiran sunan Yesu.

Ta ƙara...

A hankali Baba ya buɗe ido, ya ɗaga kai.

"Wane ɓarawo ne a kan mangwarona?"

"Wanda kake azumi a kansa ne, Baba."

"Baba, likita ta ce a kai ka asibiti yanzu!" in ji Emeka daga sama.

Tsohon ya daɗe yana kallonsa, yana lasar zuma.

"Sauko, ɗana, kafin tururuwa su cinye mini suruki. Lahadi ka zo da manyanka."

Ya ja numfashi.

"Kar ka manta wayar."