Yatsun da Suka Fito a Hoton Yafet

Magariba ta kawo jiki, Miriyam na shirin rufe ɗakin ɗaukar hoto a wani ƙaramin asibiti a Kafanchan, sai aka shigo da Yafet, manomin citta daga Fadan Kagoma. Zarnin fitsari ya riga shi shiga ɗakin.

Da damina ne ya zame a gadar katako ta rafin gonarsa, itace ya buge shi tsakanin cinyoyi. Wurin ya kumbura, ya yi ruwa, ya fashe. Tun daga nan fitsari ke yoyo ta wani ɗan rami a ƙasan marainansa. Likita ya ce ba zai yi masa aiki ba sai ya ga inda hanyar ta ɓalle.

"Sista, a gida sun ce abin rafi ne ya kama ni," in ji Yafet, murya ƙasa-ƙasa. "Wai kada a taɓa."

"Kwanta, Baba. Ciwo ne, kuma yau za mu gan shi."

Ta ɗura masa ruwan da ke fitowa fari a hoto, ta koma bayan gilashi, ta danna maɓalli. A fuskar na'ura, farin layi ya bi hanyar fitsari, ya tsuke a wuri guda, sannan wani siririn reshe ya karkace zuwa fata. Ga ramin nan.

Amma akwai yatsu a jikin reshen. Dogaye, sirara, sun damƙe shi.

Ta leƙa. Hannayen Yafet duka biyu na kan ƙirjinsa.

Fanka ta tsaya. Warin laka da ruɓaɓɓen ganye ya cika ɗakin. Wani wuri ruwa na ɗiga. Ɗis. Ɗis.

"Mutumin nan nawa ne," wata murya ta raɗa mata a bayan kunne. "Goge hoton."

Ba ta waiwaya ba.

"A kan teburina yake," ta ce. "Ba zan goge ba."

Ta miƙa hannu za ta tura wa likita hoton. Wani abu mai sanyi, jiƙaƙƙe, ya cafke wuyan hannunta. Ruwa ya taso mata har idon sawu.

Ta danna da hagu.

Hoton ya tafi.

Ta fizge, ta finciko Yafet daga kan tebur, suka faɗo baranda tare. Ƙofa ta bugu a bayansu. A titi 'yan okada na ta hon, kamar ba abin da ya faru.

Hoton da ya isa wurin likita tsaf yake, ramin a fili, babu yatsa ko ɗaya. Aka yi aikin, yoyo ya tsaya.

Hannun Miriyam na dama kuwa bai sake ɗumi ba, ko a tsakar rana. Likita ya ce zai mayar da ita sashen magani ta huta. Ta girgiza kai.

"Dokta, bar ni a nan. Duk wanda aka kawo daga rafin can, a turo mini shi."