Jirgin Injiniya da Duwatsun Magariba

Ranar da Injiniya ya liƙe takardar ƙarshe a jikin jirginsa, ranar aka fara jifan gidan.

Tsohon makanikin jiragen sama ne, da ya yi ritaya sai ya mayar da ɗakin ajiya wurin aiki. Shekara uku yana haɗa ƙaramin samfurin jirgin da ya fara koyon aiki a kansa, irin na da mai fuka-fuki biyu sama da ƙasa, tsawonsa bai wuce kamu biyu ba. Haƙarƙari ɗari da arba'in ya yanka da reza daga itace marar nauyi, ɗaya bayan ɗaya. Kuma ba ya liƙa takarda sai rana ta faɗi, wai zafi yana sa ta yamutse. Matarsa ta gaji da faɗa masa magariba ba lokacin aiki ba ce.

Yana shafa gam na ƙarshe dutse ya sauka a kan kwano. Aka yi shiru. Sai na biyu, sai na uku, a hankali, kamar mai ƙwanƙwasa ƙofa. Ya fita da tocila yana mita, bai ga kowa ba. Washegari ma haka, jibi ma haka, da an kira salla sai duwatsu. Ya zargi maƙwabta, ya zargi kwanon, har kafinta ya kira ya hau ya duba. Abin da ya fi ba shi haushi, duk dutsen a saitin ɗakin aikinsa yake faɗowa, ga ƙura tana zubo wa fenti.

Rana ta huɗu Auta, 'yarsa da ke karatun jinya, ta ajiye cokali ta miƙe. Ta je ƙofar ɗakin aikin ta tsaya tana kankarar katako da farce har jini ya fito, idanunta a buɗe amma ba ta ganin kowa. Kwana biyu ba ci ba sha. Injiniya ya ce gajiyar jarrabawa ce. Matarsa kuwa ta aika aka ɗauko Malam.

Malam dattijo ne marar hayaniya. Ya zauna ya yi ta karatu har duhu ya fara shiga tsakar gida, sannan Auta ta ɗago kai, murya ta fito daga bakinta, ta wata mace, a shaƙe.

"Ku buɗe mini ubana."

Malam ya tambaye ta ina uban nata yake. Ta ce tsoho ne tukuf, ya ga irin jirgin nan yana tashi tun da can, kullum da yamma yakan zo kallon aikin. Ran nan ya ƙanƙantar da kansa ya shiga ciki ya ga yadda aka jera haƙarƙarin, sai mutumin nan ya yi bisimilla ya liƙe ƙofar ƙarshe. Abin da aka rufe da sunan Allah kuwa su aljanu ba sa iya buɗewa. Kwana shida ke nan yana ciki, warin gam yana shaƙe shi.

Ran Injiniya ya ɓaci. Shi ya gayyace shi? Ya ce zai huda ƙaramin rami a ƙarƙashi, inda ba a gani. Muryar ta ce tsohon ya galabaita, ba ya iya rarrafe, sai an tsaga jirgin daga hanci har wutsiya. Malam ya sa ta yi alkawarin in an tsaga za ta saki yarinyar, ba za su ƙara waiwayar gidan ba. Ta yarda.

Aka miƙa wa Injiniya reza. Ya tsaya yana kallon jirgin. Ranar Asabar masu irin sha'awarsa za su taru su baje kolinsu, shekara uku yana jiran ranar. Wallahi bai san lokacin da maganar ta kuɓuce masa ba.

"Malam, ba za ta iya jira zuwa Asabar ba?"

Matarsa ta dube shi, duban da bai taɓa gani ba a shekara talatin na aurensu. Kunya ta rufe shi, ya dafa reza ya ja. Takardar ta tsage, haƙarƙarin suka yi ta karyewa ƙas ƙas, wata iska mai sanyi ta bi ta tsakanin yatsunsa ta fita ta taga. Auta ta zube ƙasa.

Da ta farfaɗo aka ba ta ruwa, Injiniya ya durƙusa yana naɗe mata yatsu da bandeji. Ya tambaye ta ko ta tuna wani abu, yana addu'a a ransa ta ce a'a. Ta daɗe tana kallon ɓaraguzan jirgin kafin ta yi magana, a hankali, ba da fushi ba.

"Duk ina jin ku, Baba. Da ka bar shi, ai da na daure zuwa Asabar ɗin."